Me ake nufi da kiwon lafiyar al'umma?

Idan aka kawo yaro ɗaya daga unguwar Rigasa ta Kaduna yana amai da gudawa, aikin likita ne ya ƙara masa ruwa ya ba shi magani. Amma idan yara goma ne suka zo daga layi ɗaya cikin mako guda, dole wani ya tashi ya je unguwar, ya leƙa rijiyar da suke sha, ya ga nisanta da masai, ya ƙirga gidajen da cutar ta shiga. Aikin wannan mutum na biyu shi ake kira kiwon lafiyar al'umma, kwas ɗin da ke jikin takardun makarantu da sunan Public Health. Majinyacinsa unguwa ce ko gari, kayan aikinsa kuwa lissafi, rigakafi da wayar da kai.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Dattawa suna tuna duba-gari, wanda ke shiga gida ya buɗe randa ya duba kwata. A Landan ma, a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa har ya gano famfo ɗaya suke ɗiba, aka cire hannun famfon. Irin wannan bin diddigi ne ya gano gubar dalma da ta kashe yara a Zamfara a 2010, kuma irin wannan aiki ne ya kai ga ayyana Najeriya ta rabu da asalin cutar shan-inna a 2020.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen makaranta. Iyaye da dama suna ɗauka yarinyar da ta yi digiri a wannan fanni za ta fito ta riƙa duba marasa lafiya. Digirin bai ba da wannan lasisi ba. Yana shirya mutum ne don aikin ma'aikatar lafiya, hukumar lafiya matakin farko ko ƙungiyoyin agaji. Mai son ya zauna a asibitin unguwa ya duba mutane, hanyarsa ita ce karatun CHEW, wato na ma'aikacin lafiyar al'umma, na shekara uku, irin wanda aka daɗe ana yi a makarantar Shehu Idris ta Makarfi, kuma CHPRBN, hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, ce ke ba da lasisinsa. Akwai kuma digiri na biyu a wannan fanni, MPH, wanda likitoci da ma'aikatan jinya kan koma su yi a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Kada ginin makaranta ko farar rigar ɗalibanta su ruɗe ka. Abin tambaya shi ne ko an amince da kwas ɗin kansa, domin makaranta na iya samun rajista alhali wani kwas nata bai samu ba. Digiri na hannun NUC, hukumar kula da jami'o'i, difloma na hannun NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, wadda ke da ofis a nan cikin garin Kaduna, kuɗin keke Napep kawai zai kai ka. A ganina tambaya ta biyu ma ta kusa kamo ta farko nauyi: wane ƙauye ko asibitin unguwa ake tura ɗalibai aikin fili, kuma mako nawa suke yi a can?