Wa doka ta ba ikon bin sawun wayarka a Gana?

Duk wayar hannu da ke kunne tana sanar da kamfanin sadarwa inda take, ko mai ita ya kira wani ko bai kira ba. Dalili kuwa shi ne, kafin kira ya iso gare ka dole ne kamfanin ya san wane ƙarfen sabis ne wayarka take kamawa, saboda haka wanda ya tashi daga unguwar Nima a Akra ya bi ta Mamobi ya nufi unguwar Madina, layinsa yana sauya ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, na'urorin kamfanin kuma suna ajiye tarihin duk kiran da ya yi da wurin da ya yi shi. A karkara ƙarfe ɗaya yana iya ɗaukar kilomita da dama, amma a cikin Akra, inda ƙarafan suke kusa da juna, ana iya taƙaita wurin mutum zuwa 'yan layuka na unguwa, musamman idan an haɗa bayanan ƙarfe biyu ko uku.

Jami'an tsaro suna amfani da wannan ta hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗauki lambar mutum ɗaya da ake zargi, a bi inda yake zuwa da waɗanda yake kira. Ta biyu ita ce a zaɓi wuri, a nemi jerin duk layukan da suka kama sabis a wurin cikin wani lokaci, ko a sa ido kan duk wanda ya shiga yankin. Wannan ta biyun ita ce ta fi shafar mu mazauna zango, domin a unguwa mai cunkoso kamar Nima ko Sabon Zango, idan aka jefa taru don kama mutum ɗaya, da mai koko da liman da ɗan makaranta duk za su faɗa ciki.

Tushen doka a nan shi ne sashe na 18(2) na kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya hana a kutsa cikin sirrin gidan mutum, ko dukiyarsa, ko wasiƙunsa da sadarwarsa, sai bisa doka, kuma sai idan hakan ya zama dole a ƙasa mai 'yanci da dimokuraɗiyya saboda dalilai irin su tsaron jama'a da hana aikata laifi. Sharuɗɗan biyu ne, kuma dole a cika su tare: a samu dokar da ta ba da izini, sannan a nuna cewa babu makawa. Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan sashe da muhimmanci a 2018 cikin shari'ar Raphael Cubagee, inda ta ce naɗar hirar mutum ta waya a ɓoye ba da saninsa ba keta haƙƙinsa ne. Idan an hana ɗaiɗaikun mutane yin haka, to hukuma mai ƙarfi da kayan aiki ta fi cancantar a tsare ta da ƙa'ida.

Dokar da ta fi fayyace matakan ita ce Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038. Ta raba bayanai gida uku: bayanan mai layi, wato sunansa da adireshinsa, bayanan zirga-zirgar sadarwa, wato daga ina kira ya fito, ina ya nufa, ta wace hanya, yaushe, kuma na tsawon wane lokaci, sai kuma abin da aka faɗa ko aka rubuta. A kowane ɗaya daga cikinsu, mai bincike sai ya je Babbar Kotu ya nemi umarni ko waranti, ana kuma sauraron buƙatar ba tare da wanda ake zargi yana wurin ba. Wannan yana da hujja, tunda ba a gaya wa ɓarawo za a bi sawunsa, amma yana ɗora nauyin duka a wuyan alƙali, domin shi kaɗai ne zai tambayi abin da lauyan mutumin zai tambaya da yana nan. Dokar ta kuma wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan mai layi aƙalla shekara 6, na zirga-zirga kuma wata 12. Tunda aka haɗa kowane layi da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a rajistar da aka fara a 2021, lamba a cikin waɗannan bayanai tana nufin mutum da sunansa da hotonsa.

Mutane da yawa suna ganin cewa in dai ba a saurari maganarsu ba, ba a cuce su ba. A ganina wannan kuskure ne babba. Tarihin wata 12 na wuraren da mutum ya je yana nuna masallacin da yake salla, da asibitin da yake zuwa, da gidan da yake kwana, da taron siyasar da ya halarta, abubuwan da wataƙila bai taɓa furtawa a waya ba. Kotun Ƙolin Amurka ma ta yi wannan la'akari a 2018 cikin shari'ar Carpenter, ta ce sai da waranti za a karɓi irin wannan tarihi daga kamfani.

Inda ƙofar ta fi faɗi shi ne sashe na 100 na Dokar Sadarwa ta 2008, mai lamba 775, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon umartar kamfanoni a rubuce su tatsi sadarwa ko su miƙa bayanan masu layi don taimaka wa tsaro da aiwatar da doka, ba tare da ya ambaci alƙali ba. An ga yadda wannan iko yake aiki a watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da umarnin zartarwa mai lamba 63, wanda ya buƙaci kamfanoni su ba da bayanan masu layi, har da na wuraren da suke da na hada-hadar kuɗin waya, da sunan bin sawun masu ɗauke da cutar. Wani lauya, Francis Kwarteng Arthur, ya kai ƙara, kuma a 2021 Babbar Kotu a Akra ta ce tattara bayanan ya keta haƙƙin sirri, ta umarci a daina, a kuma goge abin da aka tara. Tun a 2016 ma an janye wani ƙudurin doka na tatsar wasiƙu da saƙonnin waya daga majalisa bayan suka mai yawa daga lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula.

Wanda yake zargin an bi sawunsa ba bisa ƙa'ida ba yana da hanya biyu. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ba shi damar tambayar kamfani irin bayanan da yake riƙe da su a kansa, da kai koke ga hukumar da dokar ta kafa, sai dai ta keɓe al'amuran tsaron ƙasa da binciken laifi, saboda haka amsar tana iya zuwa a taƙaice. Hanya mafi ƙarfi ita ce sashe na 33 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa damar zuwa Babbar Kotu idan an keta haƙƙinsa ko ana shirin ketawa, kuma idan aka gabatar da irin waɗannan bayanai a matsayin shaida a kansa, lauyansa yana iya neman a nuna warantin da aka samo su da shi, ya kuma roƙi kotu ta ƙi karɓar su idan babu.