Dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano: wai wa za a ɗaure shekara 5 ɗin nan?

Jama'a don Allah mu riƙa tantance magana kafin mu tura ta gaba. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024 har yau ba a daina yawo da wasu maganganu a WhatsApp da majalisun unguwa ba, kuma da zarar lokacin bukukuwa ya kama, gab da azumi ko bayan sallah, sai su sake tasowa. Wannan ya ce duk wanda aka gwada aka samu yana da cuta shekara 5 zai sha a Kurmawa, waccan ta ce ai a gaban 'yan ɗaurin aure liman zai karanto sakamakon kowa ya ji, har akwai masu rantsuwa wai auren da aka ɗaura shekara da shekaru ma sai an koma asibiti an sabunta shi. Duk babu ko ɗaya a abin da gwamnati ta sanar.

Abin da dokar ta ce gajere ne. Daga 13 ga Mayun 2024 duk masu niyyar aure a jihar Kano, saurayi da budurwa, bazawara da bazawari, mai ƙarin ta biyu ko ta huɗu, sai sun yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da jinotayif, wato gwajin nan da ke nuna mutum AA ne ko AS ko SS mai sikila, da duk wani gwajin da ya danganci waɗannan, kuma an hana a ɗaura aure sai an gabatar da takardar gwajin daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. Shi ke nan fa.

To ina shekara 5 ta shigo? A sashen hukunci. Duk wanda ya karya dokar, idan kotu ta same shi da laifi, akwai tarar da za ta iya kai wa naira 500,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko a haɗa masa duka biyun. A nan mutane suka ruɗe, sun ji sunan cuta sun ji shekara 5 sai suka haɗa su waje ɗaya. Laifin da ake magana shi ne a ɗaura aure babu takarda. Wanda ya je ya miƙa hannu aka ɗebi jini aka ce masa yana da ciwon hanta, wannan ai ya bi doka, ba shi da laifin komai, maganarsa ta koma tsakaninsa da likita da wadda zai aura. Amma mutum lafiyayye garau, AA ne ba shi da ko mura, in ya ce shi ya san kansa kuma yarinyar 'yar gida ce aka je masallaci aka shafa fatiha ba takarda, shi ne ya taka doka. Kuma tunda abin da aka hana shi ne ƙulla auren, kada waliyyi da wakilin ango da liman su ɗauka wannan matsalar yara ce, su ne fa suke zaune a sahun gaba suna cewa na bayar na karɓa.

Sannan ku lura da "idan kotu ta same shi da laifi". Ba mai unguwa ba ne zai yanke, ba ɗan Hisbah ba, ba ɗan sanda ba, balle wani ɗan zaman majalisa da ya zo yana cewa a ba shi wani abu ya rufa asiri. Sai an shigar da ƙara, an kawo shaida, alƙali ya saurari kowa. Masu tsoron tsohon aure kuma su kwantar da hankali, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan abin da ya aikata lokacin da abin bai zama laifi ba, don haka Baba da Inna da suka yi aure zamanin Rimi ba ruwansu, haka wanda ya angwance a watan Afrilun 2024 shi ma ba ruwansa.

Ni dai yadda aka tsara hukuncin nan bai kwanta min ba, gaskiya. Ku sake karantawa a hankali: ita tara an sa mata rufi, ba za ta wuce 500,000 ba, alƙali na iya yin ƙasa da haka, amma shi ɗauri ƙasa aka sa masa, ba zai gaza shekara 5 ba. Ma'ana in dai alƙali ya zaɓi gidan yari babu wata shida babu shekara ɗaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke kashe fiye da haka a lefe kaɗai zai biya tarar ko a jikinsa, shi kuwa malamin ƙauye a can cikin Doguwa ko Sumaila da ya ɗaura auren 'yar maƙwabcinsa bayan Juma'a saboda kunya ta hana shi ce wa dattijo ina takarda, shi ina zai samo rabin miliyan? Na san an yi haka ne don a tsorata mutane su ɗauki abin da muhimmanci, amma in hukunci ya yi nauyi da yawa sau tari ƙarshensa kowa ya kau da kai ne, mutanen gari su rufa wa junansu asiri doka ta zauna a takarda.

Maganar karanta sakamako a bainar jama'a kuwa, ita dokar da kanta ta haramta tsangwama ko nuna wariya ga masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da masu sikila da masu ciwon hanta. Banda haka Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne. Don haka gwaggon da ta leƙa takarda ta wuce gidan suna tana ba da labari, ko dangin ango da suka fasa aure sannan suka bi gari suna faɗin dalili, su ne ya kamata su ji tsoro, ba yarinyar ba. A fasa in an ga fasawar ce alheri, amma a yi shiru, 'yar mutane za ta sake neman miji a garin nan.

Kuma a daina yi wa sakamakon nan kallon takardar mutuwa. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi, wanda ba shi da shi a cikin ma'auratan sai a yi masa, jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C yanzu ana warkewa da ƙwayoyi cikin kamar wata uku. Mai cuta mai karya garkuwar jiki in ya riƙe maganinsa, wanda kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, har ƙwayar cutar ta kai ba a ganinta a gwaji, ba ya sa wa abokin zamansa, kuma mata nawa suka haifi 'ya'ya lafiya lau saboda sun bi awo yadda ya kamata.

Inda abin ya fi ciwo shi ne jinotayif, don shi babu maganin da ke canja shi. Da farko ba shi ne rukunin jini ba, wani zai ce maka ai ni O ne ba ni da matsala, wannan daban wancan daban. AS ba mara lafiya ba ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne suna harkokinsu, kuma in ya auri AA babu ɗansu da zai zo da SS. In AS ya haɗu da AS kuwa an shiga lissafi, kuma lissafin da ake yi a gari kuskure ne, wai in kun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi sikila, har wasu na cewa to sai mu tsaya a uku. Ba haka ba ne. Kowane ciki da kansa yake, kashi 25 cikin 100, ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibitin Murtala ya ga uwa zaune a kan tabarma ƙarfe biyun dare tana matsa wa yaro ƙafa yana ihu, uban yana waje yana kiran 'yan uwa a waya a zo a ba da jini, ba zai ce dokar nan ba ta da dalili ba. Mu da auren zumunci ya yi mana yawa mun fi kowa buƙatarta. Gwajin ma ba baƙo ba ne a Kano, auren gata da Hisbah ta yi wa mutum 1,800 da matansu a Oktoban 2023 sai da aka gwada su kafin a ɗaura, bambancin kawai yanzu abin ya hau kan kowa.

Abin da nake roƙon iyaye, dokar ta ce kafin ɗaurin aure, amma kada ku jira sai an kai lefe an buga kati an kama wajen dina sannan a ce yara su je asibiti ranar Laraba, ɗaurin aure Asabar. A wannan lokacin in sakamako ya fito AS da AS babu mai ƙarfin halin cewa a tsaya, nan ne ake fara neman wanda ya san wani a lab ya rubuto AA, a ba shi na goro, liman ya ga hatimi ya ɗaura, takarda ta cika amma jinin yana nan yadda yake. A yi gwajin tun ranar da aka ce ya turo magabatansa. Wanda kuma aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya faɗa wa ma'aikacin, don jinin wani yana iya rikita sakamakon jinotayif na wasu watanni.

Ita kuma gwamnati tunda ta wajabta, to ta sauƙaƙa. Ƙananan hukumomi 44 ne a jihar nan, ba kowa ne ke kusa da asibitin Nassarawa ko na Malam Aminu Kano ba. A liƙa sunayen asibitocin da aka amince da su a ƙofar kowane masallacin Juma'a da gidan kowane dagaci, a faɗi kuɗin gwajin a rediyo yadda ba wanda zai ƙara wa talaka ko sisi, a nuna wa limamai kalar takardar gaskiya da hatiminta, don yanzu in aka miƙa wa Malam farar takarda da turanci da sa hannu a cikin cunkoson ɗaurin aure ana ta miƙo alawa da dabino, ta yaya zai gane ta asibiti ce ko a shagon kwamfuta aka bugo ta?