Waiwaye: Me ya sa hali ke canzawa bayan aikin maƙoƙo?

A Damagaram, idan mace ta dawo daga aikin maƙoƙo ta koma shiru, tana lulluɓa da bargo a tsakiyar bazara, tana manta tukunya a kan murhu, kafin a tuna da likita an riga an fara zancen iskoki ko sammu. Alhali likitoci sun san wannan ciwo fiye da shekara 140.

Labarin ya faro ne daga Suwizalan, inda maƙoƙo ya yi katutu saboda ƙarancin aidin. A 1874 likita Theodor Kocher na birnin Bern ya cire wa wata yarinya 'yar shekara 11 ƙullutun wuyan da ke kumbura ya zama maƙoƙo (thyroid) gaba ɗaya. Aiki ya yi kyau, amma yarinyar ta daina girma, kaifin hankalinta ya dushe. Da ya bi sawun sauran waɗanda ya yi wa irin aikin, ya tarar yawancinsu sun kumbura, magana da tunani sun yi nauyi. Ya bayyana haka a 1883, ya kuma daina cire shi duka sai dole. A 1891 George Murray a Ingila ya yi wa wata mai irin ciwon allurar ruwan da aka tatso daga ƙullutun tunkiya, ta farfaɗo. An ware sinadarin da ƙullutun ke samarwa, wato tairoksin, a 1914.

Ƙwaƙwalwa tana juya tairoksin zuwa wani sinadari da ake kira T3, shi kuma yana da hannu a aikin serotonin da noradirenalin, sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da walwala da kuzari. Idan ya yi ƙaranci, sai kasala, baƙin ciki da mantuwa. A 1949 likita Richard Asher ya rubuta labarin marasa lafiya 14 da abin ya kai su ga taɓin hankali.

Yau ƙwaya ɗaya ta levothyroxine, wato tairoksin da aka haɗa a masana'anta, kowace safiya kafin karin kumallo ke maye gurbin wanda ƙullutun ke samarwa, har ƙarshen rayuwa ga wanda aka cire wa duka. A nan gizo ke saƙar. Wuya ya warke, kuɗi sun ƙare, sai a ajiye magani; makonni kaɗan ciwo ya lallaɓo. Idan kuma ƙwayar ta yi yawa, sai faɗuwar gaba, rashin barci da saurin fushi. Awon jini na TSH (sinadarin da ke umartar ƙullutun ya samar da tairoksin), mako 6 zuwa 8 bayan kowane canjin magani, shi ke nuna inda aka tsaya.