Galahanga: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Tunda aka san ɗana na da galahanga (wato autism, yanayin da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane), ba sunan da zan je a Tudun Wada ko Gyallesu da wata ba za ta ja ni gefe ba. To ga amsoshin.

Aljanu ne ko sammu?

Ko ɗaya. Haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu, kuma gado na da hannu sosai. Ki yi masa addu'a, amma a daina kulle yaro a ɗaki ana turara masa hayaƙi.

Allurar rigakafi ce ta jawo?

A'a. Binciken da ya tayar da wannan ƙura a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Kai shi a yi masa allurarsa.

Surukata ta ce babansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma yaro ya shekara ɗaya da rabi, a kira sunansa bai waiwayo ba, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido da ke, me kike jira? Ki kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, ɓangaren yara, a fara duba kunnensa. Wani matsalar kunne ce kawai.

In sa shi islamiyya ko in bar shi gida?

Nan kam ban da amsa ɗaya. Wani yaron maimaici ne abin sonsa, sai ki ga ya haddace sura kafin ya iya cewa yana jin ƙishi. Wani kuma da aji ya ɗauki karatu gaba ɗaya zai toshe kunne ya fasa ihu, kuma ba iskanci ba ne, ƙarar ce ke masa ciwo. Ni dai da ni ce, sai na fara zuwa ni kaɗai in ga Malam. In akwai bulala a hannunsa kuma bai yarda ya ajiye ta saboda yaron ba, magana ta ƙare. In ya yarda, a fara da rabin awa, wuri ɗaya kullum, kusa da ƙofa. Yayarsa na iya zama kusa da shi, sai dai kada ki mayar da 'yar shekara tara uwa, ita ma karatu ta zo. In sati biyu sun wuce yana dawowa yana cizon hannunsa ko barci ya gagara, ki janye shi, a samu mai zuwa gida. Wataƙila baɗi ya iya. Nawa sai a karo na uku ya zauna.

Akwai magani?

Babu mai warkar da ita. Mai ce miki yana da shi a jarka, kuɗinki yake so. Horon magana da haƙurin maimaitawa ke taimakawa. In akwai farfaɗiya a tare, ita tana da magani a asibiti.

Wani abu na yi da cikinsa?

Haba, 'yar'uwa. Ba ke ba ce. Share hawayenki.

Babansa ya ce a daina fita da shi, mutane na kallo.

Su kalla. Ki dai ɗinka masa lambar wayarku a cikin riga, don irinsu sukan sulale su fice ba a ankara ba.