Duba wayar ɗa da kai shi gidan mari: me doka ta ce?

Wata maƙwabciyata ta ɗauki wayar ɗanta mai shekara 16 yana wanka, ta shiga WhatsApp ɗinsa tana karantawa. Da ya fito ya gani, sai ya ce: "Mama, wannan sirrina ne, ko doka ta hana." Kwana uku gidan ba a ga maciji.

Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma sashe na 8 ya ba shi haƙƙin sirri har a wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Sai dai wannan sashen da kansa ya ce haƙƙin bai tauye ikon iyaye na sa ido da tsawatarwa daidai gwargwado ba. Sashe na 19 ma ya ɗora wa yaro girmama iyayensa da taimaka musu. Don haka uwar da ta duba waya saboda tsoron miyagun abokai ba ta karya doka ba.

Inda iyaye ke zarme shi ne horo. Sashe na 11 ya hana a ji wa yaro rauni a jiki ko a zuciya, ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma bai ware iyaye ba. Mu tuna Rigasa, a Kaduna, cikin Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa, da tabon bulala a gadon baya. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, don sun kangare ko suna shaye-shaye. Na san ciwon da ke kai uba ga haka, wallahi na sani, amma sarƙa ba ta cikin ikon da doka ta ba shi.

Idan yaro ya gagari gida, dokar ta yarda iyaye su kai maganar kotun iyali, wadda za ta iya sa shi ƙarƙashin kulawar jami'in walwala.

A lura, dokar ta tarayya a Abuja take aiki kai tsaye. Jihohi kan yi tasu. Kaduna ta yi a 2018, Kano a 2023, kuma akwai bambance-bambance, don haka sai a nemi ta jiharku a karanta.