Farfesa Olayinka Omigbodun da Lafiyar Ƙwaƙwalwar 'Ya'yanmu

A aikinmu na kiwon lafiya a matakin farko, sau da yawa uwa takan kawo yaro ɗan shekara 13 ko 14 wanda ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa abokansa, barci ya gagare shi, kuma kafin a iso da shi an shafe watanni ana cewa iska ce ko taurin kai. A kan irin wannan yaro Farfesa Olayinka Omigbodun ta gina aikinta, shi ya sa nake so iyaye su san ta.

Likita ce a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, kuma ita ce mace ta farko a Najeriya da ta zama farfesa a fannin likitancin taɓin hankali. Ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara da matasa ta duniya daga 2010 zuwa 2014, sannan a 2020 ta zama shugabar Kwalejin Likitanci ta jami'ar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa da ta kafa a Ibadan da tallafin Gidauniyar MacArthur, inda ake horar da likitoci da ma'aikatan jinya daga ƙasashen Afirka da dama, domin ƙwararru a wannan fanni ƙalilan ne ƙwarai, yaran kuwa suna ko'ina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne zuwa shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da ɗaya daga cikinsu. Saboda haka idan halin yaronku ya sauya tsawon makonni, karatunsa ya ja baya, ko ya soma shaye-shaye, ku zauna da shi cikin natsuwa ba tare da duka ko gori ba, ku ci gaba da yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibiti mafi kusa. Idan akwai buƙata, za a tura ku asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Kware ko Maiduguri.

Yaron da ya ambaci kashe kansa kuwa, ko da cikin wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi wurin likita a ranar.