Idan likita ya ce otizim ne, ina makomar aiki?

Kusan kowane gida da aka ba wannan labari a Damagaram, tambayar farko ita ce ko zai warke, ta biyu kuma ko zai iya neman na kansa. Ga amsoshin waɗannan da wasu da ke biyo bayansu.

Shi wai mene ne otizim ɗin?

Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya, wasu kafafen labarai na ce masa galahanga. Abu biyu ake dubawa: wahalar cuɗanya da mutane, da kuma naci a kan tsari ɗaya, maimaita motsi ko magana, da jin ƙara ko haske fiye da kima. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi dalla-dalla a Amurka a 1943, bayan ya bibiyi yara 11. Abin hawa-hawa ne. Wani ba ya magana sam, kullum sai da mai kula da shi. Wani kuma yana iya kai wa jami'ar André Salifou ta Damagaram ba wanda ya gane, iyaka a ce miskili ne. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi.

Iska ce, ko allurar rigakafi?

Ba ko ɗaya, kuma ba laifin uwa ba ne. Kaso mafi girma daga ƙwayoyin gado yake. Rahoton da ya ɗora wa rigakafi laifi a 1998, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma duka da ɗauri da sunan magani cutarwa ce kawai.

Yaya ake tabbatarwa, kuma a ina?

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna shi. Likita na zama ne ya lura da mutum, ya kuma tono tarihinsa: yaushe ya fara magana, ko yana waiwayowa in an kira sunansa, yadda yake wasa da tsaransa. Saboda haka ko mai shekara 30 ne, a tafi da wadda ta raine shi, uwa ko kaka ko gwaggo. Ga yaro, a fara auna kunne, don kurumta kan yi kama da shi. Ana iya farawa daga babban asibitin Zinder, wajen likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, in ya so su tura gaba. Yamai na da nisan kusan kilomita 900, shi ya sa wasu ke gangarawa Kano. Kome ke nan, a nemi sakamakon a rubuce, da hatimi.

Me ya sa wasu sai sun girma ake ganewa?

A wurinmu tarbiyya kanta kan lulluɓe alamun. Yaron da ba ya kallon idon mutane, yabonsa ake da kunya. Yarinyar da ke wuni a ɗaka ba ƙawa, an ce natsattsiya ce, kuma dama an fi gano shi ga maza, kusan ninki huɗu. Asiri kan tonu ne ranar da aka shiga aiki. Matashi ya faɗo biro ya wuce teburinsa ba "ina kwana, ina gajiya, ya gida", nan take a yi masa tambarin girman kai. Ko a gareji maigida ya gan shi tsaye ya ce, "To Alhaji, samu wuri ka zauna ka huta!" shi kuwa ya jawo benci ya zauna, sauran yara su fashe da dariya, maigida ya ɗauka raini ne. Gatse da habaici, waɗanda rabin zancenmu ke nan, su ne suka fi ba mai otizim wuya.

Takardar likita za ta hana shi samun aiki?

A doka, a'a. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 27 ya tanadi haƙƙin aiki da gyara wa ma'aikaci wurin aiki daidai gwargwado. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana nuna bambanci saboda naƙasa. A 1993 kuma an yi dokar da ta ce ma'aikatar da ke da mutum 20 zuwa sama ta ware musu kashi 5 cikin 100 na gurabe. Wanda aka kora saboda wannan dalili yana iya kai kuka ofishin sufeton ƙwadago.

Sai dai kar mu yaudari kanmu. Idan an ce naƙasa, makaho da gurgu mutane ke hangowa, abin da ido bai gani ba sai an sha bayani. Ko a Birtaniya, alƙaluman hukuma na 2020 sun nuna kusan kashi 22 cikin 100 ne kawai na manya masu otizim ke da aiki. Ga shi kuma ayyukan albashi irin na matatar mai ta SORAZ ko na gwamnati kaɗan ne. Yawancin samarin unguwannin Birni da Zango a hannun maigida suke koyon sana'a, inda babu takarda, sai amana.

To a gaya wa maigida, ko a yi shiru?

Ra'ayina, ba dole ba ne a fara da sunan larurar, don wani da ya ji zai fassara ta da taɓin hankali. A fara da abin da za a yi. Uba ko kawu ya je da kansa ya ce, "Alhaji, ga amana na kawo. Yaron nan in ka ba shi aiki ka faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye, ba ya gane gatse. In za a sauya masa wuri, a gaya masa tun jiya. In ka ga ya toshe kunne ya fita, ba rashin kunya ba ne, ƙara ce ta yi masa yawa." Duk wannan ba ya cin ko dala. A ma'aikata mai kwantiragi kuwa, takardar likita na da amfani, domin da ita ake kafa hujjar neman sassauci, kuma gara a nuna ta kafin a fara rubuta masa takardun gargaɗi.

Wane aiki ya fi dacewa?

Wanda ya dace da shi wannan mutumin. Kamfanoni irin su SAP tun 2013 da Microsoft tun 2015 sun buɗe shirin ɗaukar masu otizim, har wasu suka zaci duka gwanayen kwamfuta ne. Ba haka ba ne. Temple Grandin, Ba'amurkiya mai otizim, a harkar shanu ta yi suna, ita ce ta tsara lanƙwasassun hanyoyin da ake bi da dabbobi ba tare da sun firgita ba.

Abin dubawa shi ne wurin. Ciniki a tsakiyar kasuwar Dole, da hayaniya da tayi da "albarka", ko kabu-kabu, kan gajiyar da da yawansu. Dukanci, ɗinki, gyaran waya, lissafin kaya a sito, kiwo da aikin lambu sun fi tsari da natsuwa. A gwada na ƴan makonni, a tambaye shi da kansa yadda ya ji.

Wanda larurarsa ta yi nauyi fa?

Akwai wanda ba zai riƙe aikin kuɗi ba, musamman in akwai farfaɗiya ko jinkirin fahimta tare. Shi ma a koya masa abin da zai iya a gida, wanka da sa tufa, ba dabbobi ruwa, ɓarar gyaɗa. Wanda kuma ke fita aiki, a sa ido kan ladansa, don mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta yana da saurin cutuwa da "gobe zan ba ka". A yanka kuɗin tun farko a gaban shaida, a tsayar da ranar biya, wani babba na gida ya riƙa leƙawa ran nan.